Na sa `double kashi();` gargaɗin ya tafi, amma amsar har yanzu shirme ce

ɗan_koyo

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah a duba mini wannan. Sati uku ke nan da na fara koyon C, yau kuma na raba shirina gida biyu. A lissafi.c akwai wannan:

```c
double kashi(double samu, double jimla)
{
    return samu * 100.0 / jimla;
}
```

A main.c kuma:

```c
#include <stdio.h>

int main()
{
    printf("%.1f\n", kashi(45, 60));
    return 0;
}
```

Na haɗa su da `gcc main.c lissafi.c -o maki` a Ubuntu 22.04. Ya ce `implicit declaration of function 'kashi'`, amma ya fitar da shirin. Da na kunna, 75.0 ya kamata in gani, ban gan ta ba. Sai na ƙara layin `double kashi();` a saman main, gargaɗin ya ɓace, shi kuwa shirin ya buga `-nan`. Wani ya ce in ƙara `-Wall -Wextra -Wstrict-prototypes -Wmissing-prototypes`. Na ƙara, yanzu ga `function declaration isn't a prototype` har sau biyu, ga kuma `no previous prototype for 'kashi'`. Ni dai na rubuta furototaif ɗin, to wanne kuma yake nema? A wayata ma, cikin Termux (manhajar da ke ba da layin umarni irin na Linux a Android), rubutun farko ƙin haɗuwa ya yi sam.

Injiniya_Kano

Wa alaikumus salam. Ƙanena, abin da ka rubuta ba furototaif ba ne, sanarwa ce kawai. A C, kafin ƙa'idar C23, baka biyu da babu komai a cikinsu ba suna nufin "wannan fankshin ba ya karɓar komai" ba. Ma'anarsu ita ce "ban faɗi abin da yake karɓa ba". Da `double kashi();` ka gaya wa kwamfaila, wato gcc mai fassara rubutunka zuwa harshen inji, sunan fankshin ɗin da irin abin da yake dawowa da shi, ka yi shiru a kan sauran. Furototaif na gaskiya shi ne:

```c
double kashi(double samu, double jimla);
```

Ga inda `-nan` ta fito. A x86-64 na Linux, cikakkiyar lamba irin `int` tana tafiya ta rajistocin edi da esi (rajista ƙaramar ma'ajiya ce a cikin firosesa), ita kuwa `double` ta xmm0 da xmm1 take bi. Ka rubuta 45 da 60, duka biyun `int` ne. Tun da kwamfaila ba ta san `double` ake jira ba, sai ta ajiye su a edi da esi. Shi kuma kashi ya je ya duba xmm0 da xmm1, ya ɗauki duk abin da ya tarar a can. In sifili ne a cikin duka biyun, sifili a raba da sifili shi ke ba da `nan`, wato "ba lamba ba ce". Lambobinka suna nan lafiya, ba wanda ya taɓa su, a wata ƙofa daban aka ajiye su.

Idan furototaif yana nan, kwamfaila da kanta za ta mayar da 45 ta zama 45.0 kafin kiran, ta sa ta inda ake jiranta.

Gargaɗi na biyu na `isn't a prototype` na main ne. Ka mayar da shi `int main(void)`.

mai_termux

Ai da sauƙi ma. Ya rubuta `kashi(45.0, 60.0)` kawai, zai ga 75.0 ɗinsa ba tare da ya taɓa komai ba.

Malama_Z

Zai ga 75.0, wannan gaskiya ne, kuma ƙa'idar C ma ta yarda da kiran tunda irin lambobin sun dace. Amma gyaran gangar Auzinawa ke nan. Gobe zai karɓi maki daga `scanf` ya zuba a `int`, ya miƙa wa kashi, matsalar ta dawo ba tare da gargaɗi ko ɗaya ba. Da wannan sanarwar ko `kashi(45.0)` ya rubuta, ko ya ba shi abu biyar, gcc ba za ta ce uffan ba.

Akwai ma wanda ya fi wannan ɓoyuwa. A ce kashi `float` yake karɓa. Idan babu furototaif, C tana ɗaga duk `float` zuwa `double`, tana ɗaga `char` da `short` zuwa `int`, kafin ta miƙa. To mai kira zai sa `double` mai bit 64 a xmm0, fankshin ɗin kuma zai karanta bit 32 na ƙasa kawai a matsayin `float`. Lambar 45.0 a `double` ita ce 0x4046800000000000, rabinta na ƙasa duk sifili ne. Fankshin zai ga 0.0, alhali kai ka rantse 45 ka ba shi.

mai_termux

Na karɓa, Malama. Bari in biya da bayanin wayar. A Termux, in ka buga `gcc`, clang ce ke amsawa. Daga clang 16, wadda ta fito a 2023, kiran fankshin da ba a sanar da shi ba ya tashi daga gargaɗi ya koma kuskure, shi ya sa rubutunsa na farko ya ƙi haɗuwa, clang takan ce `call to undeclared function`. Ita ma gcc ta bi sahu a siga ta 14 a 2024. Ubuntu 22.04 gcc 11 take zuwa da ita, 24.04 kuma gcc 13, don haka duka biyun gargaɗi kawai za su yi su wuce. Wayarsa ba ta da laifi. A ARM64 ma labarin ɗaya ne, sunayen rajistocin ne suka bambanta: `int` ta w0 da w1, `double` ta d0 da d1.

Baba_Unix

Yara, ku bar ni in faɗi inda wannan al'ada ta samo asali, don kada yaron nan ya ɗauka mugunta aka yi masa. C ɗin da Dennis Ritchie ya gina a Bell Labs a farkon shekarun 1970 ba ta da furototaif ko kaɗan. In ka kira sunan da kwamfaila ba ta sani ba, sai ta ɗauka fankshin ne mai dawo da `int`. A injinan lokacin wannan zaton yakan yi daidai, domin `int` da adireshin mimori girmansu ɗaya ne. Furototaif daga C++ aka aro shi, ya shiga ƙa'idar ANSI ta 1989. Amma a lokacin akwai tarin shirye-shirye da aka riga aka rubuta a tsohon salo, ba za a karya su ba, sai aka bar `()` da tsohuwar ma'anarsa, aka sa `(void)` ya zama hanyar cewa babu komai. C99 ta cire zaton `int` ɗin daga ƙa'ida, amma gcc ta ci gaba da haƙuri da shi har shekara 25.

Abin da ya faru a gwajinka na farko ke nan: kwamfaila ta ƙirƙiro maka `int kashi();` da kanta. Ta miƙa lambobin a inda bai dace ba, ta kuma karanto amsar daga eax maimakon xmm0, sannan ta miƙa wa `%f` abin da ba `double` ba. Kuskure uku a layi ɗaya.

ɗan_koyo

Allah ya saka da alheri, Baba. Na sa cikakken furototaif a saman main.c, na gyara `main(void)`, yanzu 75.0 ta fito. Amma `no previous prototype for 'kashi'` yana nan daram a lissafi.c. Ai a nan ne ma aka rubuta fankshin ɗin gaba ɗaya, me ya sa yake son a sake sanar da shi? In kwafi layin in manna a saman lissafi.c?

Injiniya_Kano

Kada ka manna. Gargaɗin zai tafi, amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Kwamfaila fayil ɗaya take gani a lokaci guda. Sa'ad da take aiki a kan main.c ba ta san abin da ke cikin lissafi.c ba, ko da a layin umarni ɗaya ka ba ta su. Mai haɗa su daga baya shi ne linka, shi kuma suna kawai ya sani. Gwada ka gani: `gcc -c lissafi.c` sannan `nm lissafi.o`. Za ka ga `T kashi`, shi ke nan. Babu `double`, babu adadin abin da yake karɓa. Idan a main.c ka rubuta `int kashi(int, int);` bisa kuskure, komai zai haɗu lafiya lau, amsa ta fito a gurguje.

Maganin shi ne furototaif ya zauna wuri ɗaya tak, duka fayilolin su gan shi. Ka buɗe lissafi.h, irin fayil ɗin da ake kira heda:

```c
#ifndef LISSAFI_H
#define LISSAFI_H

double kashi(double samu, double jimla);

#endif
```

Sai ka sa `#include "lissafi.h"` a main.c, ka kuma sa shi a lissafi.c. Na biyun shi ne wanda masu koyo suke mantawa, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Da shi, ranar da ka canza jikin fankshin ɗin ka manta heda, kwamfaila za ta tsayar da kai da `conflicting types for 'kashi'` tun kafin a kai ga linka. Abin da `-Wmissing-prototypes` yake tambayarka ke nan: wannan fankshin ɗin a buɗe yake ga kowane fayil, ina hedar da masu kiransa za su duba?

Tambayar tana da amsa ta biyu. Idan fankshin na cikin gida ne, ba wanda zai kira shi daga waje, ka sa masa `static` a gaba. Gargaɗin zai tafi, sunan ba zai yi karo da irinsa a wani fayil ba, kuma `-Wall` zai sanar da kai idan ka daina amfani da shi. Shi main ba ya cikin wannan lissafin, gcc ba ta neman masa furototaif.

Na_Zariya

Tunda ana maganar zaɓuɓɓuka, ni shawarata ya sa `-Werror`, mai mayar da kowane gargaɗi kuskure, tun yau. Mai koyo in ya ga shiri ya fito, ba ya karanta abin da aka rubuta a sama. Hujjar tana cikin saƙonsa na farko: an yi masa gargaɗi, ya wuce ya kunna.

Malama_Z

Ban yarda da `-Werror` gaba ɗaya ga ɗan sati uku ba, Malam. Tare da `-Wextra`, ko `argc` ya rubuta bai yi amfani da shi ba, aiki ya tsaya. Kwatanta `int i` da abin da `strlen` ya dawo da shi, aiki ya tsaya. Abin da ke biyo baya an san shi: sai ya koyi rufe bakin kwamfaila, ya riƙa watsa `(int)` da `(char *)` ko'ina har ta yi shiru. Wannan ɗabi'ar ta fi gargaɗin haɗari, domin duk inda ka tilasta nau'i da hannunka, ka ce wa kwamfaila ta daina dubawa ke nan.

A zaɓi waɗanda kusan kullum kuskure ne na gaske, a mayar da su kaɗai:

```
-Werror=implicit-function-declaration -Werror=int-conversion
-Werror=incompatible-pointer-types -Werror=return-type
```

Uku na farko gcc 14 ta riga ta mayar da su kuskure, don haka da gcc 11 ɗinsa kawai ya kamo su ne. Sauran su zauna a matsayin gargaɗi, ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, daga na sama, domin sau da yawa na farkon ne ke haifar da na ƙasa.

Na_Zariya

Ana iya yi ta ɗaya gefen ai: `-Werror` sannan `-Wno-error=unused-parameter` ga masu damun. Bambancin shi ne sabon gargaɗin da bai taɓa gani ba zai tsayar da shi, ba zai wuce a ɓoye ba. Inda na yarda da ke shi ne shirin da za a raba wa mutane. A can `-Werror` matsala ce, saboda kowace sabuwar sigar gcc tana ƙaro gargaɗi, sai shirin da ke haɗuwa bara ya ƙi haɗuwa bana a injin wani.

Baba_Unix

Ku biyun duk kun yi gaskiya a wurinku, ya zaɓa. Ni abin da nake so ya sani shi ne sunan `-Wall` yaudara ne, ba duka ba ne. `-Wstrict-prototypes` da `-Wmissing-prototypes` ba sa cikin `-Wall`, ba sa cikin `-Wextra`. Haka `-Wshadow` da `-Wconversion`. In yana son ya ga abin da ke kunne da idonsa:

```
gcc -Q --help=warnings -Wall -Wextra | grep enabled
```

Kuma ya riƙa gwadawa da `-O2` lokaci-lokaci. Gargaɗi irin `-Wmaybe-uninitialized` ya dogara ne da binciken da gcc take yi yayin inganta shirin, don haka akwai abin da ba za ta gani ba a `-O0`.

Injiniya_Kano

Bari in ƙara tarkon da zai faɗa nan gaba kaɗan, domin duk wanda ya fara sa `-std=c11` ko `-std=c17` yana haɗuwa da shi. Zai rubuta `#include <string.h>`, ya kira `strdup`, a ce masa `implicit declaration`. Zai ce ai na sa hedar. Dalili shi ne `strdup` ba na ƙa'idar C ba ne sai a C23, na POSIX ne, wato ƙa'idar tsarukan Unix, kuma da `-std=c17` glibc, laburaren C na Linux, tana ɓoye shi. Sai kwamfaila ta koma tsohon zato, `int`. Adireshi a injin 64 bit yana da bit 64, `int` yana da 32, sai a gutsure rabin sama. Layi na biyu na gargaɗin zai ce `makes pointer from integer without a cast`. Wanda ya karanta wannan ya ce bari in sa `(char *)` a gaba, ya sauya gargaɗi na biyu da wani ne kawai, adireshin kuma yana nan a gutsure, shirin zai faɗi da `Segmentation fault` a layin da ya fara taɓa shi.

Gyaran shi ne ko dai `-std=gnu17`, ko ya sa wannan a layin farko na fayil, kafin kowane `#include`:

```c
#define _POSIX_C_SOURCE 200809L
```

A kuma bambanta wannan da `undefined reference to 'sqrt'`. `implicit declaration` muryar kwamfaila ce, tana cewa ba ta ga sanarwa ba. `undefined reference` kuwa muryar linka ce, yana cewa bai ga jikin fankshin ba. Heda ba ta maganinsa, sai `-lm`, kuma a ƙarshen layi, bayan sunayen fayiloli.

mai_termux

`-Wconversion` fa? Ni na ga surutunsa ya yi yawa ga mai koyo.

Malama_Z

Yana da surutu, amma a ƙaramin shiri ana iya jure shi, kuma akwai kuskure ɗaya da ya shafe ku masu waya kai tsaye. Mutum ya rubuta `char c = getchar();` sannan ya jira `c` ya zama `EOF`. Furototaif ɗin `getchar` ya ce `int` yake dawowa da shi, domin yana buƙatar wuri ga haruffa 256 da kuma alamar ƙarewa, wadda a glibc -1 ce. A x86, `char` yana ɗaukar lamba mai ragi, sai abin ya yi kamar yana aiki, har ranar da bait 0xFF ya bayyana a tsakiyar fayil karatu ya tsaya. A ARM na Android, `char` ba ya ɗaukar ragi, sai -1 ta koma 255, ba za ta taɓa zama daidai da `EOF` ba, shirin ya yi ta zagaye babu fita. `-Wconversion` yana nuna layin nan take. Ya kunna shi, ya karanta, in ya ga wanda bai gane ba ya kawo nan.

ɗan_koyo

Na gode, Malama. Wani abokina ya gwada `double kashi();` ɗin nan a sabuwar Fedora, ya ce shi kuskure ma aka ba shi, wai `too many arguments to function`. Shin tasa ce ta lalace ko tawa?

Baba_Unix

Babu wadda ta lalace. gcc 15, ta 2025, tana farawa ne da `-std=gnu23` in ba a ce mata komai ba. A C23 an binne tsohon salon: `()` yanzu daidai yake da `(void)`, kamar yadda yake a C++ tun asali. Don haka a wurinsa layin yana cewa kashi ba ya karɓar komai, ya kuma miƙa masa abu biyu. Layi ɗaya, ma'ana biyu, gwargwadon ƙa'idar da aka bi. Gcc 11 ɗinka `gnu17` take bi. Waɗanda ke kan Dev-C++ 5.11 kuwa gcc 4.9.2 suke riƙe da ita, mai farawa da `gnu90`, inda ko `for (int i = 0; ...)` sai ta ƙi karɓa in ba a sa `-std=c99` ba.

Shi ya sa ake rubuta `-std=` a fili, kada a bar wa injin ya zaɓa. Kuma ci gaba da rubuta `(void)`. Yana nufin abu ɗaya daga C89 har C23.

ɗan_koyo

Ga Makefile ɗin da nake amfani da shi yanzu, fayil ɗin da `make` yake bi ya haɗa shirin, babu gargaɗi ko ɗaya, a kwamfuta da waya:

```
CFLAGS = -std=c17 -g -Wall -Wextra -Wpedantic -Wshadow -Wconversion \
         -Wstrict-prototypes -Wmissing-prototypes \
         -Werror=implicit-function-declaration

maki: main.o lissafi.o
	$(CC) -o maki main.o lissafi.o
```

Sai dai na gwada wani abu. Na canza kashi ya koma `float` a lissafi.h da lissafi.c, na buga `make`, amsa ta sake lalacewa, kuma babu gargaɗi. Ina ce heda ta kashe wannan matsalar?

Injiniya_Kano

Hedar ta yi aikinta, `make` ne bai san da ita ba. Duba abin da ya buga: lissafi.c kaɗai ya sake haɗawa, domin shi ne ya canza. A wurinsa main.o ya dogara ne da main.c kawai, shi kuma ba a taɓa shi ba. Sai linka ya ɗauki tsohon main.o mai miƙa `double`, ya haɗa da sabon lissafi.o mai jiran `float`. Lissafin Malama na ɗazu ke nan ya same ka: rabin ƙasa na 45.0 da na 60.0 duk sifili ne.

Ka ƙara `-MMD -MP` a CFLAGS. Kwamfaila za ta rubuta main.d da lissafi.d, kowanne ɗauke da jerin hedojin da fayil ɗin ya jawo. Sai ka sa wannan layin a ƙarshen Makefile:

```
-include main.d lissafi.d
```

Alamar ragin da ke gaba tana hana `make` ƙorafi a karon farko da fayilolin ba su wanzu ba tukuna. Ka goge main.o da lissafi.o sau ɗaya da hannu, ka buga `make` don a samar da main.d da lissafi.d, sannan ka buga `touch lissafi.h` ka sake `make`. Layi uku ya kamata ka gani, biyu na haɗa fayilolin, ɗaya na linka.